An sauke mota, taya na cinyewa ta ciki: ina matsalar take?

Nura Panteka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga wata matsala ina son masana su duba. Honda Accord ce ta 2007, an sa mata gajeren sifirin, ta sauka kusan milimita 40 gaba da baya. Shoka na asali ne, ba a canza ba. Rim 17, taya 215/50. An auna zurfin zanen taya da geji: ta gaba hagu, waje milimita 6, tsakiya 5, ciki 2. Ta dama waje 6, ciki 2.5. Na baya ba su kai haka ba, amma gefensu na ciki ya yi gargada, kuma suna gurnani daga gudun 60. Sitiyari a miƙe yake, motar ba ta jan gefe. Mai ita yana tambaya ko sai ya sayi kamba kit, wato kayan gyaran kamba, kwanciyar kan taya ciki ko waje. Me kuka gani?

Oga Sabo Alaimen:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Kafin a zo maganar sayen komai: bayan an sa sifirin ɗin, an kai ta alaimen?

Nura Panteka:
Ba a kai ba, Oga. Wanda ya yi aikin ya ce tunda bai taɓa tayarod ba, wato sandar da ke juya taya daga sitiyari, kuma sitiyari bai karkace ba, babu buƙata.

Oga Sabo Alaimen:
To nan gizo ke saƙar. Ba sai an sa sufana a tayarod ba bakin taya yake canzawa. Rak ɗin sitiyari a jikin mota yake ɗaure, ɗaya kan tayarod ɗin kuma yana jikin nokul, can wajen taya. Da ka sauke jikin mota milimita 40, rak ya sauka, nokul yana nan inda yake, sai kwanciyar tayarod ta canza, ya ja tayar ko ya tura ta. Yawancin motocin gida an tsara su ne in gaba ya danna ƙasa tayoyin su ɗan buɗe baki, wato to-aut (to shi ne inda bakin taya ya fuskanta: buɗewa waje to-aut, rufewa ciki to-in). Motar da aka sauke kuwa kullum a danne take. Kuma abin yana faruwa hagu da dama daidai wa daida, shi ya sa sitiyari ba ya karkacewa, mota ba ta ja. Miƙewar sitiyari ba shaidar lafiya ba ce.

Ka yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Shafa tafin hannunka a fuskar tayar gaba daga waje zuwa ciki, sannan daga ciki zuwa waje. In zanen yana kama maka hannu sa'ad da kake turawa ciki, amma sumul in kana jawowa waje, to-aut ne. In akasin haka ne, to-in ya yi yawa. In ko'ina sumul ne, kawai dai zanen yana raguwa a hankali daga waje zuwa ciki, sai mu koma kan kamba. A yi hattara da waya in ta fara leƙowa, tana yanka hannu.

Malam Habu Ƙofar Ruwa:
Oga Sabo, ban musa maka ba, amma kada mu raina kamba a wannan motar. Accord ta 2003 zuwa 2007 ba irin ƙafar Corolla gare ta ba. Gabanta hannu biyu ne, ofa-am da lowa-am, kuma na sama ya fi gajarta. Duk sanda ƙafar ta hau sama, gajeren hannun nan yana jawo kan taya ciki da sauri. Baya ma hannuwa ne da yawa, hali ɗaya. Daga kamfani kambar gaba kusan sifili ne, na baya kusan digiri -1, wato kan taya ya ɗan kwanta ciki. In aka sauke ta milimita 40, sau da yawa gaba yana wuce -1, baya ya doshi -2 ko ya haura. Kuma Honda ba ta sa mata wurin gyaran kamba ba, gaba da baya, to ɗin kawai ake iya juyawa. Saboda haka ko ka kai ta alaimen sau goma, kan tayar yana nan a kwance. Ni dai a sa kit.

Injiniya Zainab:
Ku duka kuna da gaskiya, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Bari mu yi lissafi. Tayar 215/50R17 tsayinta kusan milimita 647 ne. A ce jimillar to-aut milimita 4 ce in an auna a fuskar taya, wato 2 a kowane gefe. Raba 2 da 647, zai ba ka kusan 0.003. Ma'anarsa a kowace kilomita ɗaya ana jan kowace taya a kaikaice kusan mita 3. A kilomita 5,000 an ja ta kilomita 15 a gicciye a kan kwalta, kamar a ɗauki buhu a yi ta jansa a kan siminti. Kamba ba ya jan taya haka, nauyi kawai yake tarawa a gefe ɗaya. Kamba ne ke zaɓar inda za a ci, to ɗin kuwa shi ne mai cin. In suka haɗu, dukkan gugar nan tana sauka a kan ɗan siririn layi na ciki, shi ya sa ka ga 6, 5, sai kwatsam 2. Da kamba ne shi kaɗai, da lambobin sun sauka a jere, kamar 6, 5, 4.

Motoci da yawa suna fitowa daga kamfani da kambar baya -1.5, wasu ma fiye, kuma tayarsu tana daɗewa, saboda to ɗinsu daidai yake.

Malam Habu Ƙofar Ruwa:
Injiniya, wannan a titin Turai ne mai kwana-kwana. Mai tafiyar Kaduna zuwa Kano a miƙe yake tafiya, gefen waje ba ya samun aiki. -2 zai ci ciki ko da to sifili ne.

Injiniya Zainab:
Zai ci, Malam Habu, amma a hankali. Ni iyakata ita ce: ƙasa da -1.5 a gaba, a gyara to a bar kamba. Daga -2 zuwa sama a motar yau da kullum, na yarda a sa kit. Tsakanin nan kuma ya danganta da faɗin taya, domin taya mai faɗi mai gajeren gefe ba ta lanƙwasawa ta kwanta a ƙasa kamar 65 ko 70. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi kit ba a auna ba.

Oga Sabo Alaimen:
Ga yadda za a auna kamba a gida. A sami ƙasa mai lebur, ba bakin kwata ba. In ana shakka a gwada wuraren da tayoyi huɗu za su tsaya da tiyo mai ruwa irin na magina. Iska ta zama daidai. A ɗaura noti a bakin zare, a rataya shi daga madgad ya sauko ta tsakiyar rim ba tare da ya taɓa komai ba. A auna daga zare zuwa leɓen rim na sama, a auna na ƙasa. A rim 17, daga leɓe zuwa leɓe kusan milimita 460 ne, saboda haka kowane milimita 8 na bambanci digiri ɗaya ne. In na sama ya fi na ƙasa da 12, kana da -1.5. In da 16 ne, -2. Hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin digiri, in ba haka ba motar za ta ja zuwa gefen da kan tayarsa ya fi miƙewa.

In gefe ɗaya ya ba ka -1.2, ɗayan -2.3, ba sifirin ba ne ya yi wannan. Akwai abin da ya lanƙwashe, ko bushin ya mutu, ko sifirin ɗaya bai zauna a gurbinsa ba. Kit ba ya maganin wannan, ɓoye shi kawai yake yi.

Idi Mai Faci:
Ni ta wajen taya zan shigo. Na baya da Malam Nura ya ce sun yi gargada suna gurnani, ku duba shoka. Shokar asali an yi ta ne ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta. Da aka sauke mota milimita 40 an cinye mata wani babban kaso na hanyar da za ta danna, ga gajeren sifirin ya fi na asali tauri, ba ta iya riƙe shi. Sai taya ta riƙa tsalle ƙanana-ƙanana, duk inda ta dira ta ci wurin. Shi ne za ka shafa ka ji tudu, kwari, tudu, kwari. Mutane da yawa suna canza boris a banza saboda wannan ƙarar. Bambancin: ƙarar boris tana ƙaruwa ko raguwa in ka karkata sitiyari hagu ko dama kana gudu, ta taya kuwa tana canzawa ne da irin kwaltar da ka hau. In an mai da tayoyin baya gaba ƙarar ta biyo su, an gama magana.

Sannan ta gaba hagu da ta kai 2, saura ƙiris ta taɓa alamar ƙarshe da ke cikin kwarin zane, wadda take milimita 1.6. Gefen da ya fi cinyewa shi ake yi wa hukunci, ba tsakiya ba. Ga damina, ga gefen ciki da ba a gani sai an juya sitiyari ƙarshe ko an shiga rami.

Nura Panteka:
An shafa. Na gaba suna kama hannu in an tura ciki. Zare kuma ya ba da 11 a hagu, 10 a dama. Baya 18 da 17.

Oga Sabo Alaimen:
Madalla. Gaba kusan -1.3 ke nan, to-aut ne ya yi ɓarnar, ba ya buƙatar kit. Baya ya haura -2, a nan Malam Habu ya ci gari, a nemo hannun baya mai zare wanda ake tsawaitawa a dawo da shi wajen -1.2 zuwa -1.5.

Amma kada a ruga alaimen tukuna. Akwai aikin da kusan duk masu sauke mota suke tsallakewa. Bushin ɗin roba na lowa-am da na hannuwan baya ba juyawa suke a kan bol ba, murɗewa robar take yi. An ɗaure su ne a tsayin asali. Da mota ta sauka, robar ta zauna a murɗe dare da rana, ba ta daɗewa take tsagewa, kuma tana riƙe motar ta hana ta zama inda ya kamata. Gyaran: a hau rami ko gadar alaimen, nauyin mota yana kan tayoyinta, a sassauta duk bol ɗin da ya ratsa bushin, har da na gindin shoka, a danna motar sau uku ko huɗu gaba da baya, sannan a ɗaure. Wanda ya ɗaure su mota na rataye a kan jak ya ɓata aikin. Bayan haka a girgiza kowace taya: hannu a hagu da dama don tayarod da rak-en, hannu a sama da ƙasa don boljoin da boris. In akwai wasa ko kaɗan, a canza kafin alaimen, domin lambar da aka saita a tsaye za ta gudu da zarar mota ta motsa.

Alhaji Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni tambayata ga masu wannan ado, da wace hanya za a bi da motar? Tsayin ƙasan irin waɗannan motoci bai fi santimita 15 ba tun asali. Ka cire 4, saura 11. Tudun rage gudu na cikin unguwa ma sai an hau shi a karkace, kwanon baƙin mai da salansa suna gaisawa da ƙasa. Mu nan ɗaga mota ake yi da sifesa, ba saukewa ba. Sai dai in faɗi gaskiya, ciwon ɗaya ne aka juya shi: wanda ya ɗaga milimita 30 bai yi alaimen ba, shi ma to ɗinsa ya tafi, sau da yawa tashi tayar ta waje take ci. Haka motar haya da ake labta wa kaya har bayanta ya zauna, ita ma saukakkiya ce, ba da niyya ba.

Injiniya Zainab:
Gaskiya ne Alhaji. Kuma akwai iyakar da in an wuce ta alaimen ba ya ceto. A duba lowa-am mota na tsaye. In kansa na jikin mota ya fi na wajen taya tsayi, ko sun yi daidai, da sauƙi. In kan ciki ya faɗa ƙasa da na waje sosai, duk ramin da taya ta shiga bakinta zai riƙa buɗewa da rufewa, sitiyari ya riƙa fizga. Milimita 25 zuwa 35 shi ne abin da yawancin sifirin na kirki suke saukewa, kuma da dalili. A kuma leƙa robar da ke jikin sandar shoka, wadda take tare ta in ta danna ƙarshe. In mota na tsaye ta riga ta zauna a kanta, to a kan roba ake tafiya, ba a kan sifirin ba.

Malam Habu Ƙofar Ruwa:
Tunda an zo nan, a tabbatar gajeren sifirin ne na gaske, ba na asali aka yanke ba. Mafi muni wanda aka gasa da wutar gas ya zauna. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ya ci gaba da zama wata bayan wata, hagu da dama ba daidai ba, wata rana ya karye. Irin wannan ko yau ka yi alaimen, bayan wata biyu lambobin sun canza. Yankakke kuma in an ɗaga mota yana iya sakin gurbinsa. A auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madgad a kusurwa huɗu a rubuta. Hagu da dama kada su wuce milimita 10 tsakani. Sabon sifirin ma yakan ɗan ƙara zama a makon farko, shi ya sa ake daidaita to da zare ranar da aka sa, a yi cikakken alaimen bayan mako ɗaya ko biyu.

Nura Panteka:
Oga Sabo, to da zare fa? Kwamfuta ba ta fi ba?

Oga Sabo Alaimen:
Kwamfuta ta fi in injin a saite yake kuma mai aikin ya san abin da yake yi. Zare ya fi kwamfutar da aka daɗe ba a duba ta ba. Yadda ake yi: zaren kamun kifi biyu, ɗaya kowane gefe, a tsayin tsakiyar rim, a ɗaure a jikin sanda biyu, ɗaya a gaban mota ɗaya a baya. Tazarar zaren biyu ta zama ɗaya a sandar gaba da ta baya. Kuskuren da ake yi shi ne a sa tazara ɗaya daga zare zuwa tsakiyar duk tayoyi huɗu, alhali faɗin ƙafar gaba da na baya ba lallai su zama ɗaya ba. Abin da ake so, gaba hagu ya yi daidai da gaba dama, baya hagu ya yi daidai da baya dama. Sai a auna daga zare zuwa leɓen rim na gaba da na baya a kowace taya. In awon gaba ya fi, to-in ne. A rim 17 milimita ɗaya kusan digiri 0.12 ne. A tura motar gaba rabin juyin taya a sake aunawa, a ɗauki tsakiya, don rim ɗinmu da wuya ka sami wanda rami bai taɓa ba. A sa tayil biyu da giris a tsakaninsu ƙarƙashin kowace taya, ko leda mai kauri ninki huɗu, don tayar ta sami juyawa.

Wannan Accord ɗin, gaba sifili ake nema, baya to-in kusan milimita 2 jimilla, ɗaya kowane gefe. Tayarod ba a yi masa juyin hauka. Zarensa yawanci milimita 1.5 ne a zagaye ɗaya, kuma zagaye ɗaya yana iya kawo fiye da rabin digiri. Kwata-kwata ake bi, hagu da dama, sitiyari a ɗaure a tsakiya. A saki kilif ɗin robar rak kafin a juya, kada ta murɗe ta yage.

Injiniya Zainab:
In kuma wajen kwamfuta za a je, mai mota ya tsaya a kan abubuwa kaɗan. A yi tayoyi huɗu, ba gaba kawai ba. A fara da baya, kamba sannan to, a dawo gaba, to ne na ƙarshe, domin duk taɓa kamba yana motsa to. A cire fil ɗin farantan da taya ke zama a kai. A ba shi takardar kafin da bayan aiki. Kuma kada koren da kwamfuta ke nunawa in lamba ta yi daidai ya ruɗe shi: gaba an yarda da milimita 2 sama ko ƙasa da sifili, saboda haka to-aut na 2 kore zai nuna, amma da kamba -1.3 zai ci gaba da cin ciki. A ce a kawo shi sifili ko ɗan to-in kaɗan. Kambar da ya nuna ja a gaba kuma a bar shi, an san dalilinsa. A lura da rubutun injin: 0°30' rabin digiri ne, ba 0.30 ba, minti 60 ke digiri ɗaya.

Idi Mai Faci:
Kada a yi alaimen a kan iskar da ba a auna ba. Lambar tana jikin takardar ƙofar direba, irin waɗannan motoci psi 30 zuwa 33 ne, da safe kafin a yi tafiya. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Taya mai zafi tana nuna ƙarin 3 zuwa 5, kada a sace shi.

Alhaji Ɗan Maraɗi:
Wato bar 2.1 zuwa 2.3 a gejinmu na nan. Malam Idi, tayoyin gaban fa, a jefar?

Idi Mai Faci:
Ta hagu mai 2 ta gama aiki, Alhaji, kuma ba a canza ɗaya a bar ɗaya a gaba da irin wannan bambanci, a sa biyu. Da an kama abin tun ciki yana 4, da sai a cire su daga rim a juya, ciki ya koma waje. Wannan yana yiwuwa in zanen bai da ciki da waje. In an rubuta OUTSIDE a gefe ɗaya ba a juyawa. Mai kibiya kuma in an juya ta a rim sai ta koma ɗaya gefen motar don kibiyar ta ci gaba da kallon gaba. In 'yar Kwatano za a saya a karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya, 2321 na nufin mako na 23 a 2021, a kuma shafa ta, domin da yawa an cire su ne daga motar da ke da irin wannan ciwon. Na baya masu gargada ba za su daina gurnani nan take ba ko an gyara shoka, sai sun ci sun daidaita, wasu ma ba sa dainawa.

Sabuwar taya ta hau ranar da za a yi alaimen, ba mako guda kafin ba. Ɗaurin notin taya na Honda Nm 108 ne a sufanar tok. Sannan a juya sitiyari ƙarshe hagu da dama a leƙa cikin madgad: in akwai wurin da roba ta yi sheƙi ko fenti ya goge, taya na taɓawa, kuma dawo da kambar baya zai turo kan tayar waje kusa da leɓen madgad, a duba wannan ma da mutum biyu zaune a baya.

Nura Panteka:
Na gode ƙwarai. Bayan an gama, yaushe za a san ya yi?

Oga Sabo Alaimen:
Ba sai an jira taya ta cinye ba. A ja layin alli mai kauri a gicciye a fuskar kowace taya, a yi tafiyar mita 100 a miƙe a kan kwalta mai kyau, a duba. In ciki ya goge waje yana nan fari, har yanzu nauyi na ciki. Sannan a rubuta awon waje, tsakiya da ciki na tayoyi huɗu a ranar, a sake aunawa bayan kilomita 2,000, a wuri ɗaya, kusa da bawul don kada a manta. In ciki ya fi waje raguwa da rabin milimita, a koma kan zare. Kuma ka turo mana awon tsakiyar rim zuwa madgad na kusurwa huɗun, ban gamsu da sifirin ɗin nan ba tukuna.